Kakar farko a hannun sabon koci: nazarin wata ƙungiyar jami'a a Amurka, 2024

Wannan nazari ya bibiyi ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta wata babbar jami'ar gwamnati da ke tsakiyar ƙasar, tun daga lokacin da al'amuranta suka taɓarɓare a 2021 har zuwa ƙarshen kakar 2024, wadda ita ce ta farko a hannun sabon babban kocinta. Za a riƙa cewa "jami'ar" da "kocin" kawai, amma za a ambaci abokan karawa da sunayensu.

## Shimfiɗa

Wasan da ake magana a kansa ba tamaular da aka saba gani ba ce. Ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa ta, kuma kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya matsa gaba yadi goma, yadin nan dai da ake auna atamfa da shi. Idan ya cika goman sai a sake ba shi dama huɗu, idan kuwa ya gaza sai ƙwallo ta koma hannun abokan karawa a daidai inda ta tsaya. Shi ya sa a dama ta huɗu yawanci akan doka ta can nesa a sallama ta, abin da za a kira bugun sallama a nan. Shigar da ƙwallo gidan abokan karawa, wato tocdawun, maki shida ne, ana kuma iya ƙara ɗaya ko biyu a bayansa, yayin da bugun da ya ratsa tsakanin turaku yake da maki uku. Madugun masu kai hari shi ne kwatabak, wanda ke karɓar ƙwallo a farkon kowace dama ya jefa ko ya miƙa, a gabansa kuma akwai ƙarti biyar da ke yi masa katanga. Wannan katanga za ta sake fitowa sau da yawa a cikin labarin.

Jami'ar tana cikin rukunin Big Ten, ɗaya daga cikin manyan rukunan da jami'o'i ke gasa a cikinsu, tun 1899, kuma daga lokacin har zuwa 2024 sau biyu kacal ta zama zakarar rukunin, a 1945 da 1967, na biyun ma raba kambun aka yi da ita. A 2022 ta zama ta farko a babban matakin ƙwallon jami'o'i da aka doke sau 700. Kafin kakar 2024, rabonta da cin wasan bol, wato wasan ƙarshen kaka da ake gayyatar ƙungiyoyin da suka ci aƙalla wasa shida, tun 1991, kuma ba ta taɓa cin wasa goma a kaka guda ba. Da ƙwallon kwando aka san jami'ar, inda take da kofin ƙasa biyar, don haka filin ƙwallon ƙafarta mai ɗaukar mutum sama da 52,000 ba kasafai yake cika ba kafin 2024. Daga 2014 zuwa 2023 tana ɓangaren gabas na rukunin, abin da ya wajabta mata karawa da Ohio State da Michigan da Penn State kowace shekara.

## 2021 zuwa 2023: taɓarɓarewa da gyare-gyaren farko

Tsohon kocin ya ɗan farfaɗo da ƙungiyar, domin ta ci wasa takwas a 2019, ta kuma ci shida cikin takwas a gajeriyar kakar 2020 ta lokacin annobar korona. Ta shiga kakar 2021 tana matsayi na 17 a jerin 'yan jarida na ƙasa, ta fita da nasara biyu da rashin nasara goma, ba tare da cin ko wasa ɗaya a rukuni ba. Kwatabak ɗinta, wanda rauni ya katse masa kowace kaka cikin huɗun da ya buga, ya koma Washington, inda a 2023 ya zo na biyu a zaɓen kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i.

Gyare-gyaren da aka gwada iri ɗaya ne: a cire mataimaki guda a kawo wani. Bayan kakar 2021 an sallami mai tsara hari. A Oktoban 2022 an sallami mai horar da 'yan katanga, kakar kuma ta ƙare da nasara huɗu duk da cewa an fara ta da cin wasa uku a jere. A ranar 1 ga Oktoban 2023, kwana ɗaya bayan Maryland ta ci 44 da 17, an sake sallamar mai tsara hari, aka kuma yi ta musanya kwatabak biyu matasa kafin a tsaya a kan ɗaya. Kakar ta ƙare da nasara uku, bayan an faɗi a wasa ukun ƙarshe da tazarar maki uku, uku da huɗu. Jimillar shekara ukun ita ce nasara 9 da rashin nasara 27, a cikin rukuni kuwa 3 da 24. A ranar 26 ga Nuwamban 2023 aka sallami babban kocin, jami'ar ta amince ta biya shi dala miliyan 15.5 na ragowar kwantiraginsa.

## 30 ga Nuwamba zuwa 20 ga Disamban 2023: naɗin sabon koci

Kwana huɗu bayan sallamar aka sanar da magajinsa, dattijo mai shekara 62 wanda bai taɓa riƙe ƙungiya a ɗaya daga cikin manyan rukunai ba. Ɗan koci ne, ya kuma shafe kusan shekara talatin yana mataimaki, ciki har da shekara huɗu daga 2007 zuwa 2010 a Alabama ƙarƙashin Nick Saban, inda ya kula da zawarcin sababbin 'yan wasa. Yana da shekara 49 ya bar Alabama ya karɓi wata ƙaramar ƙungiya a mataki na biyu a jihar Pennsylvania, da albashin da bai kai wanda ya bari ba. Daga nan ya je Elon, sannan James Madison a jihar Virginia, inda ya ci wasa 52 aka doke shi sau 9, ya kuma hau da ita babban mataki a 2022, ta ci 11 cikin 12 a 2023. A duk shekarunsa na babban koci babu kakar da rashin nasara ya fi nasara yawa. Kwantiraginsa na farko na shekara shida ne, a kan kimanin dala miliyan huɗu da rabi a shekara.

Bai shigo da lallami ba. Kashegarin naɗinsa ya karɓi makirifo a zauren ƙwallon kwando ya kushe Purdue, abokiyar gabar jami'ar ta cikin jiha, ya haɗa da Michigan da Ohio State. A ranar 20 ga Disamba, da aka tambaye shi yadda zai shawo kan 'yan wasa su zo irin wannan ƙungiya, ya amsa da cewa shi mai cin wasa ne, duk mai shakka ya je ya nemi sunansa a Google. A lokacin mutane da yawa sun ɗauki maganar a matsayin cika baki.

## Disamban 2023 zuwa Agustan 2024: tara 'yan wasa

Dokokin da kocin ya tarar ba su ne na shekara goma baya ba. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta buɗe rajistar sauya sheƙa a Oktoban 2018, a Afrilun 2021 ta ba ɗan wasa damar komawa wata jami'a sau ɗaya ya fara bugawa nan take maimakon ya zauna shekara guda, daga 1 ga Yulin 2021 kuma aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi ta hanyar amfani da sunansu da hotonsu. A Disamban 2023 wani umarnin kotun tarayya ya buɗe ƙofar har ga masu sauyawa karo na biyu. Ƙofar da ake shiga ta nan ake fita: da aka sallami tsohon kocin, 'yan wasa da dama sun sa sunayensu a rajistar, har da kwatabak ɗin da ya ƙare kakar 2023, wanda ya tafi Cincinnati.

Kocin ya fara da ma'aikata. Ya taho da mai tsara hari da mai tsara tsaro da mai horar da kwatabak da mai kula da ƙarfin jiki, duk daga James Madison, wasunsu sun daɗe tare da shi tun daga ƙananan matakai. Daga cikin mataimakan tsohon koci mutum ɗaya ya riƙe, mai horar da 'yan katanga. Sannan ya ɗauko kimanin 'yan wasa 30 ta hanyar sauya sheƙa, 13 daga cikinsu tsofaffin yaransa ne na James Madison, sauran kuma galibi daga matsakaitan ƙungiyoyi irin su Kent State da Old Dominion da Wake Forest. Ma'aunin da ya bayyana a fili shi ne yana neman wanda ya riga ya yi aiki an gani, ba wanda ake fatan zai yi ba. A Amurka ana ba ɗaliban sakandare masu wasa taurari daga biyu zuwa biyar gwargwadon abin da ake hange a jikinsu, manyan ƙungiyoyi kuma suna rububin masu huɗu da biyar. Yawancin waɗanda kocin ya kawo ba su da irin waɗannan taurari, wasu ma ba a taɓa auna su ba, amma sun yi shekara biyu ko uku suna bugawa a matsayin 'yan sahun farko.

Kwatabak ɗin da ya zaɓa misali ne na wannan ma'auni: ɗan Kanada ne mai shekara ta shida a jami'a, daga Jami'ar Ohio, wadda ba ita ce Ohio State ba, kuma an taɓa zaɓensa gwarzon rukuninsa a 2022 kafin jijiyar gwiwarsa ta tsinke a ƙarshen wannan kakar. Shekara ɗaya kacal ta rage masa ya buga. Atisayen kocin gajeru ne, ba sa kaiwa sa'a biyu, ana yin su da sauri ba tare da tsaye-tsaye ba.

A shekarar ce kuma Big Ten ta karɓi USC da UCLA da Oregon da Washington ta zama mai ƙungiya 18, aka rushe tsarin gabas da yamma, gasar cin kofin ƙasa ta sili-ɗaya-ƙwale kuma aka faɗaɗa ta daga ƙungiya huɗu zuwa 12. Jadawalin jami'ar bai haɗa ta da Oregon ko Penn State ba, kuma tun kafin zuwan kocin an soke wasan da aka shirya da Louisville, aka maye gurbinsa da wata ƙungiya ta ƙaramin mataki. A hasashen 'yan jarida na kafin kaka, an sa jami'ar ta 17 cikin 18.

## 31 ga Agusta zuwa 5 ga Oktoba: wasa shida na farko

An fara da doke FIU 31 da 7, sannan Western Illinois 77 da 3, maki mafi yawa da jami'ar ta taɓa ci a wasa guda, wanda ya shafe tarihin 76 da ke tsaye tun 1901. Babu wanda ya ɗauki waɗannan biyu a matsayin gwaji. A ranar 14 ga Satumba aka je Pasadena a jihar California aka doke UCLA 42 da 13 a filin Rose Bowl, wanda rabon jami'ar da shi tun Janairun 1968. Charlotte ta sha 52 da 14. Wasan Maryland na 28 ga Satumba an buga shi cikin ruwan sama, masu kai hari suka yi asarar ƙwallo sau huɗu, amma masu tsaro suka hana Maryland cin gajiyar ko ɗaya, aka tashi 42 da 28. Kashegari ƙungiyar ta shiga jerin 25 na farko a matsayi na 23. Nasarar 41 da 24 a gidan Northwestern ta cika shida, karon farko da aka fara kaka haka tun 1967.

## 19 ga Oktoba zuwa 9 ga Nuwamba: raunuka biyu

Nebraska ta zo da nasara biyar cikin shida, filin ya cika maƙil, aka lallasa ta 56 da 7. A wannan wasa ne kwatabak ya ji rauni a babban yatsan hannun da yake jifa da shi, bai dawo ba bayan hutun rabin lokaci, aka kuma yi masa tiyata. Wanda ya maye gurbinsa ɗaya ne daga cikin matasan nan biyu da aka yi ta musanyawa a 2023. A wasan Washington na 26 ga Oktoba, wanda tashar ESPN ta kawo babban shirinta na safiyar Asabar harabar jami'ar dominsa, masu horarwa ba su ɗora wa matashin nauyin jifa da yawa ba. Sun karkata ga gudu da ƙwallo, wani ɗan tsaro da ya zo daga James Madison kuma ya cafke jifa biyu, ya mayar da ɗaya tocdawun. An tashi 31 da 17.

Kwatabak ya dawo a ranar 2 ga Nuwamba a gidan Michigan State. Nan ne karon farko a duk kakar da ƙungiyar ta sami kanta a baya, 10 da nema, sai ta ci maki 47 a jere ba a rama ba. Wannan ne karon farko a tarihinta da ta ci wasa tara na farkon kaka, kuma babu ɗaya daga cikin taran da tazararsa ta gaza maki 14.

Rauni na biyu bai ja hankali kamar na farko ba. A makon wasan Michigan, ɗaya daga cikin 'yan katanga biyar ya tsinke agara, kakarsa ta ƙare, kuma tun kafin a fara kaka an riga an rasa wani ɗan katangar da aka kawo daga James Madison. A ranar 9 ga Nuwamba ƙungiyar ta tafi hutun rabin lokaci tana gaban Michigan 17 da 3. Bayan an dawo, yadi 18 kacal masu kai hari suka samu a duk rabin na biyu, aka yi ta kayar da kwatabak da ƙwallo a hannu, ya kuma jefa wata a hannun abokan karawa a bakin gidansa. Michigan ta matso zuwa 17 da 15, ta nemi ƙarin maki biyu ta yi kunnen doki ba ta samu ba. Masu tsaro ne suka riƙe wasan har aka tashi 20 da 15, nasara ta goma, wadda jami'ar ba ta taɓa kaiwa ba. A ranar 16 ga Nuwamba aka sanar da sabon kwantiragi na shekara takwas a kan dala miliyan takwas a shekara, tare da ƙarin kuɗin albashin mataimaka.

## 23 ga Nuwamba: Columbus

Ƙungiyar ta je gidan Ohio State a birnin Columbus tana ta biyar a ƙasa, mai masaukin kuma tana ta biyu, a gaban 'yan kallo sama da 100,000. A riƙon ƙwallo na farko ta ratsa fili ta ci tocdawun, ta shiga gaba 7 da nema. Daga nan hari ya tsaya. Hayaniyar filin ta hana 'yan katanga jin muryar kwatabak, don haka aka koma ga ba da alama da motsi maimakon kira, abin da ya ba 'yan tsaron Ohio State damar karanta lokacin tashi. An kayar da kwatabak sau biyar, jifa takwas kawai ya kai hannun abokansa cikin 18, na yadi 68.

Duk da haka, ba a nan maki suka fara zubewa ba. Ana dab da hutun rabin lokaci ana 7 da 7, mai bugun sallama ya kasa cafe ƙwallon da aka miƙo masa, Ohio State ta samu ƙwallo yadi bakwai daga gidan jami'ar, ta ci. Da aka dawo, bugun sallama na farko ya faɗa hannun Caleb Downs, ya ruga yadi 79 ya ci wani. Cikin ɗan lokaci kaɗan na wasa, kuskure biyu daga rukunin bugu sun mayar da kunnen doki ya zama 21 da 7. An tashi 38 da 15, tocdawun na biyu na jami'ar kuma ya zo ne saura ƙasa da minti biyu. Jimillar yadin da ta samu 151 ne.

Mako guda bayan haka, cikin dusar ƙanƙara, ta huce a kan Purdue da 66 da nema, kwatabak ya jefa tocdawun shida. Purdue ce ta ci wasanni ukun da suka gabata a tsakaninsu.

## 8 zuwa 20 ga Disamba: gasar ƙasa

Kwamitin zaɓe ya ba jami'ar gurbi na goma cikin 12, duk da ƙorafin masu cewa ba ta doke wata babbar ƙungiya ba, musamman daga magoya bayan rukunin SEC da ke ganin an bar ƙungiyoyinsu masu rashin nasara uku a waje. An haɗa ta da Notre Dame, maƙwabciyarta a jiha ɗaya, a daren Juma'a 20 ga Disamba, wasan farko a tarihin gasar da aka buga a harabar jami'a.

Farkon wasan ya ba ta dama. Masu tsaro sun cafke jifan Notre Dame a riƙonta na farko, hari ya matsa kusa da gida, sai kwatabak ya jefa ƙwallo a hannun abokan karawa yadi biyu daga layi. A dama ta gaba Jeremiyah Love ya ruga yadi 98 ya ci, a kan tsaron da ya shigo wasan yana na ɗaya a ƙasa wajen tare gudu, ba a samun ko yadi 75 a kansa a matsakaicin wasa. An tafi hutu 17 da 3. A zango na huɗu, wato na ƙarshe, ana 20 da 3, saura minti goma da 'yan kai, ƙwallo tana tsakiyar fili kuma ana buƙatar yadi 11 a dama ta huɗu, kocin ya zaɓi bugun sallama. Notre Dame ta cinye lokaci ta ƙara tocdawun, ya zama 27 da 3. Jami'ar ta ci biyu a cikin minti biyun ƙarshe, aka tashi 27 da 17.

## Sakamako

Kakar ta ƙare da nasara 11 da rashin nasara biyu, takwas da ɗaya a rukuni, da matsayi na goma a jerin ƙarshe na 'yan jarida. Ƙungiyoyi biyun da suka doke ta su ne suka buga wasan ƙarshe na ƙasa a ranar 20 ga Janairun 2025, inda Ohio State ta ci 34 da 23. Masu kai hari sun ci matsakaicin maki sama da 41 a wasa. Kwatabak ya jefa yadi sama da 3,000 da tocdawun 29, sau biyar kawai aka cafke jifansa, ya kuma zo na tara a zaɓen Heisman. A Janairu aka bayyana cewa ya buga kakar gaba ɗaya da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa, aka yi masa tiyata, daga baya ƙungiyar ƙwararru ta San Francisco 49ers ta ɗauke shi a zagaye na bakwai na zaɓen sababbin 'yan wasa. 'Yan tsaro uku sun shiga sahun farko na gwanayen Big Ten, dukkansu daga James Madison. Kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓi kocin gwarzon koci na shekara.

## Hukunci

Abin da ya bambanta gyaran 2024 da na shekara ukun baya shi ne girmansa. Tsohon tsari ya riƙa sauya mutum ɗaya a cikin gidan da bai canza ba, kowane sabon mai tsara hari kuma yakan fara koyar da yarensa daga tushe. Sabon kocin ya taho da mataimakan da suka san abin da yake so tun kafin ya faɗa, da 'yan wasa 13 da suka san kiraye-kirayen tsarin suka kuma koya wa sauran a ɗakin sauya kaya. Wannan ya rage masa shekarar koyo da yawancin sababbin koci ke ɓatawa, kuma alamarsa ita ce ƙungiyar ba ta rikice ba a ranar da ta yi asarar ƙwallo huɗu, ba ta rikice ba da ta rasa kwatabak, ba ta kuma rikice ba da aka ci ta 10 da nema a waje. Da a ce a 2015 aka naɗa shi, dokar zaman shekara guda da ta hana shi yin haka. Ma'auninsa na ɗaukar wanda ya riga ya yi aiki ya dace da zamanin da ya tarar, kuma ya dace da aljihun jami'ar da ba za ta iya takarar masu taurari biyar da Ohio State ba.

Batun sauƙin jadawali gaskiya ne, kuma bai kamata a share shi ba. Cikin ƙungiyoyi 11 da aka doke, Michigan kaɗai ce ta gama wasanninta na kaka da nasara fiye da rashin nasara, babu kuma ɗayansu a cikin 25 na ƙarshe na kwamitin zaɓe. Michigan da Washington, waɗanda suka buga wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2024, sun rasa manyan kocinsu da yawancin gwanayensu kafin su iso. Da an haɗu da Oregon da Penn State, da wuya a kai 11. Sai dai wannan hujja ba ta bayyana komai da komai ba, domin a 2023 jami'ar ta sha kashi a hannun Maryland 44 da 17, Michigan 52 da 7, Michigan State 24 da 21, Purdue 35 da 31, a 2024 kuma ta doke duka huɗun, uku daga ciki da tazara mai faɗi. Ƙungiyoyin tsaka-tsaki ne dama ke cin ta a baya, kuma su ne ta daina bari su ci ta. A ganina wannan shi ne ainihin abin da kakar ta tabbatar, ba wai ta kai sahun masu neman kofi ba.

Abin da bai yi ba kuwa ya fara bayyana tun rabin na biyu na wasan Michigan, ba a Columbus ba. Gwanin da ya ƙware a matsakaicin rukuni yana iya kama jifa ko tare gudu a Big Ten, amma ƙarti biyar masu girma da sauri, da wasu biyar a bayansu idan an ji rauni, ba a samunsu da yawa a rajistar sauya sheƙa, kuma masu su ba sa saki da arha. Da aka rasa mutum biyu a katanga, tsarin da ya ci maki 40 da 50 ya koma 20, 15 da 17 a gaban tsaro uku mafiya ƙarfi da ya gamu da su, kuma 22 daga cikin maki 32 na wasanni biyun da aka faɗi sun zo ne bayan an riga an yanke hukuncin wasa. Raunin gwiwar kwatabak, wanda ba a sani ba a lokacin, ya ƙara bayyana dalilin da ya sa bai iya zillewa idan katanga ta tsage. Kura-kuran bugun sallama a Columbus ba su da alaƙa da taurari ko kuɗi, sakaci ne da atisaye ke gyarawa, kuma alhakinsu yana wuyan masu horarwa. Haka ma bugun sallamar da aka yi a gidan Notre Dame: samun yadi 11 a dama ɗaya abu ne mai wuya, amma wanda ake bin sa bashin maki 17 da minti goma a hannu ba shi da wata hanyar da ta fi ta, kuma zaɓin bai yi kama da mutumin da ya ce a neme shi a Google ba.

Ga alama kocin ma haka ya karanta kakar tasa. Cikin waɗanda ya ɗauko ta hanyar sauya sheƙa domin 2025, ban da sabon kwatabak daga Jami'ar California, akwai 'yan katanga biyu, ɗaya daga Ohio State, ɗayan kuma shi ne ya tsaya a tsakiyar katangar Notre Dame a daren 20 ga Disamba.